Inda A-Saurara Yake Kashe Lasifika

Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa, har matarsa ma sai ta ɗan yi tunani idan aka tambaye ta. Kowa A-Saurara yake ce masa, domin da haka yake buɗe kowace shela: "A saurara, a saurara, jama'a!" Mutum ne siriri mai dogon wuya, wanda in ka gan shi zaune a benci ba za ka ba shi muryar da ta wuce ta neman ruwan sha ba. Amma da ya rataya makirfo a wuya, sai kaji su watse, jarirai su farka, masu ciniki su koma yi da hannu.

Ya koyi sana'ar yana saurayi, a motar tallan wani kamfanin sabulu, ƙarƙashin wani tsohon direba mai saurin hannu. Tsohon ya koya masa kada ya manna baki da makirfo, kada ya yi faɗa da iska, kada ya sha ruwan sanyi ranar aiki. Babban darasin kuwa a gaban asibiti ya same shi. Suna wucewa yana ta kwarara yabon kumfa, sai ya ji an make masa hannu, an murɗe maɓalli.

"Wanda ke kwance a can ciki da ciwon kai, me ya yi maka?" in ji tsohon.

Tun daga ranar, da motar ta iso kantin maganin da ke farkon katangar asibiti, hannunsa na hagu zai sauka ƙarƙashin sitiyari ya kashe lasifika. Ba zai kunna ba sai ya wuce famfon da ke ƙarshen katangar. Kamfanin sabulu ya rushe, tsohon ya rasu, an sake wa asibitin fenti sau da yawa, hannun bai fasa ba.

Siyasa kuwa Gajere ne ya shigar da shi. Layi ɗaya suka taso, keke ɗaya suka koyi hawa, a kwata ɗaya suka faɗa da shi. Daga baya Gajere ya auri ƙanwar A-Saurara, ya koma kiransa Yaya, sannan ya zama ciyaman na jam'iyyar Tsani a mazaɓar, ya hana kowa kiransa Gajere. Kafin ya yi tumbi da motar kansa, shi ne yake zama a kujerar gaba ta motar shela yana raɗa wa A-Saurara abin da zai faɗa. A wata kakar zaɓe mahaifiyar Ciyaman ta yi doguwar jinya a asibitin nan, ta ce tana gane wucewar motarsu daga kan gado: murya za ta taho kamar hadari, ta ɗauke, sai can nesa ta dawo. Ta ce yaron nan ya sha tarbiyya. Ciyaman da bakinsa ya riƙa ba da labarin a taruka, yana nuna irin mutanen da Tsani take tarawa.

A-Saurara ya yi wa Tsani hidimar da ba a yi wa dangi. Ƙofar gidansa launin jam'iyya ce. Tabon da ke girarsa dutsen 'yan adawa ne. Abin da ya samu a tsawon shekarun shi ne akwati cike da riguna masu fuskokin 'yan takara, waɗanda suka ci da waɗanda suka faɗi, na waɗanda suka sauya sheƙa kuma da su ake goge mota. Bai taɓa ƙorafi ba. Yakan ce shi ba ɗan kwangila ba ne, ɗan amana ne, kuma da wannan kalma yake taƙama a teburin mai shayi kamar yadda wasu suke taƙama da fili.

Zaɓen shugaban ƙasa na ƙarshe ya zo da sabon salo. A da shela takan fara da ruwan famfo, ta bi ta kan titi, ta ƙare a makaranta, kuma da yake ba a taɓa yin ko ɗaya ba, alkawuran ba sa tsufa, kowane zaɓe sai a kakkaɓe su a sake amfani da su. Wannan karon aka ajiye su gefe. Hedikwata ta gano cewa ɗan takarar jam'iyyar Agogo maci amanar ƙasa ne: wai yana da fasfo na biyu, wai dukiyarsa tana ƙetare, wai an taɓa ganinsa yana hamma ana taken ƙasa. 'Yan Agogo ma ba su naɗe hannu ba. Suka gano cewa Mai Tsani ya riga ya sayar da rabin ƙasar, yana neman kujerar ne don ya miƙa wa masu saye sauran. Wanda ya saurari motocin biyu a yini ɗaya sai ya yi mamakin yadda ƙasa mai jama'a haka ta duba gabas ta duba yamma, ta rasa wanda za ta tsayar sai maƙiyanta biyu.

A-Saurara bai taɓa ganin Mai Agogo ba sai a fosta, amma ya zage shi tsakani da Allah. Sakataren mazaɓa, wani matashi da ba ya ɗaga kai daga waya, shi yake karanto masa abin da aka turo daga sama kowace safiya, shi kuma ya ƙara nasa gishirin. Shi ya ƙirƙiro "agogon da ke nuna lokacin wata ƙasa," maganar da ta bi gari har masu wankin mota suna rera ta.

Ana cikin haka 'yan Agogo suka kama hayar shagon da ke fuskantar ƙofar asibiti, inda a da ake sayar da katifu, suka mayar da shi ofis. A-Saurara ya ga tutocinsu, ya yi tsaki, ya wuce. Bai kawo komai a ransa ba. Maigadin asibitin kuma, wani dattijo da suka daɗe suna gaisawa, ya saba tsallaka titi ya zauna a rumfar shagon, don ƙofar asibitin rana take kallo. Katifu suka tafi, tutoci suka zo, inuwar tana nan, dattijon ma yana nan.

Sai wani babban gangamin Tsani ya watse saboda rashin mutane. Da yake ba zai yiwu a ce jama'a ne ba su zo ba, hedikwata ta ce munafukan cikin gida ne suka yi zagon ƙasa, kowace mazaɓa ta tace kanta. Mazaɓar gabas ta samu nata munafukin, wato ma'ajinta. Ta kudu ta samu shugabar mata. Tamu shiru. Mazaɓar da ba ta da munafuki kuwa, a idon hedikwata, mazaɓa ce da munafukinta ya yi girman da ba a iya taɓa shi, wato ciyaman. Aka fara ganin Ciyaman yana amsa waya a tsaye, yana rusunawa, yana share gumi da hula.

Bidiyon ya ɓulla ne daga wayar Sakatare. Gajere ne, kuma babu ƙarya a ciki ko ta ƙwayar zarra. Ga motar Tsani ta taho tana ruri. Ga ta ta yi tsit daidai ofishin Agogo. Ga hannun A-Saurara ya fito ta taga yana gaida wani a ƙarƙashin tutocinsu. Ga ta ta wuce, ruri ya dawo. Mai ɗaukar hoton ya tsaya ne da bayansa a jikin katangar asibiti, saboda haka asibitin kaɗai ne bai fito ba.

Aka kira shi ofishin mazaɓa da hantsi. Ɗaki ne mai benci uku da fankar da ta daina juyawa tun zaɓen da ya wuce. 'Yan kwamiti suka zauna a jere, aka bar masa kujerar roba a tsakiya. Ya shigo yana dariya, don ya ɗauka abin wasa ne.

"To, ga munafukin ya zo," in ji shi. "A ba ni shayi tukuna kafin a rataye ni."

Ba wanda ya taya shi. Sakatare ya kunna bidiyon, ya bi da wayar gaban kowa, kamar ba su riga sun kalla sau goma ba.

"Baba, me ya sa kake yin shiru a gaban ofishinsu?"

"Ɗana, a gaban asibiti nake yin shiru. Su suka zo suka same ni."

"Asibiti?" in ji wani ɗan kwamiti mai sayar da taya. "Ni ban ga asibiti a nan ba."

"Ai yana bayan mai wayar! Kai ba a can aka ɗinke maka ƙafa ba?"

"Wa kake ɗaga wa hannu?" in ji Sakatare.

"Maigadi."

"Maigadin Agogo?"

"Maigadin asibiti, bawan Allah! Inuwa yake sha."

"Inuwar Agogo," in ji Sakatare, yana gyaɗa kai kamar an cike masa gurbi.

A-Saurara ya daina dariya. Ya juya wajen teburin da ke gaba. "Ciyaman, ka yi musu bayani mana. Shekara nawa kana kujerar gaba? Ba kai kake ba mutane labarin abin da Mama ta ce ba, Allah ya jiƙanta?"

Ciyaman ya juya makullin motarsa a kan tebur. Ya kalli fankar da ba ta juyawa.

"Gaskiya, Yaya," ya ce, "ni ban taɓa lura ba."

Daga baya A-Saurara ya ce da dutsen da ya fasa masa gira da wannan magana, dutsen ya fi sauƙi, don shi an ɗinke.

Kwamiti ya nuna adalci. Aka ce za a ba shi dama ya wanke kansa: gobe da rana tsaka ya bi ta wurin da lasifika a ƙure, ya tsaya a ƙofar ofishin Agogo, ya sauke musu kwandon zagi har sai sun rufe taga. Sakatare zai zauna a kujerar gaba ya zama shaida.

Masu son labari ya yi daɗi sukan ce ya ƙi. Bai ƙi ba. Ya koma gida ya gaya wa matarsa zai yi.

"Marasa lafiyar fa?" ta ce, tana ninke wanki.

"Minti kaɗan ne. Su yi haƙuri."

"Ikon Allah. Tun ina amarya kake cika mini kunne da wanda ke kwance da ciwon kai."

"Ke ba ki san abin da ake nufi da a ce wa mutum munafuki ba."

"Na sani mana. Kullum ina jin kana faɗa wa wani da lasifika."

Washegari ya sha ruwan ɗumi, ya goge makirfo, ya ɗauki Sakatare. Tun daga shataletale ya fara, kuma waɗanda suka ji sun ce bai taɓa yin murya irin ta ranar ba. Ya tono fasfo, ya tono dukiyar ƙetare, ya tono hamma. Ya iso kantin magani jijiyoyin wuyansa a tashe. Ya taka birki a ƙofar ofishin Agogo, ya rufe ido, ya zage su, ya zagi ɗan takararsu, ya zagi tutarsu da sandar da aka ɗaura ta. Sai da ya tsaya jan numfashi ya lura cewa 'yan Agogo suna zaune a bencinsu suna kallonsa ta gilashi da sha'awa, kamar masu kallon kifi a kwalba. Maigadi ma ya ɗaga masa hannu.

Ya duba ƙasa. Hannunsa na hagu yana kan maɓalli. Ya kashe tun a kantin magani, shi da kansa bai sani ba. Duk zagin nan mutum ɗaya ne ya ji shi a duniya, kuma yana kujerar gaba yana ɗauka da waya.

"Ɗana, wallahi hannun ne."

"Na gani, Baba," in ji Sakatare. "Hannun ne."

Kafin la'asar an karɓi makullin mota. Hedikwata ta yaba wa mazaɓar bisa tsayuwar daka, aka daina ganin Ciyaman yana amsa waya a tsaye. Kwana biyu bayan haka motar ta shigo layin A-Saurara da sabon mai shela, wani mai muryar agwagwa da ke cusa makirfo cikin baki, ta tsaya daidai ƙofar nan mai launin jam'iyya, ta sanar da jama'a cewa an kama kazar da ke ci a gidan Tsani tana ƙwai a gidan Agogo. A-Saurara yana tsakar gida yana ji. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ya matso da bakinsa da yawa."

Ƙanwarsa, matar Ciyaman, ta zo da yamma, ta zauna a bakin tabarma ba ta cire mayafi ba.

"Yaya, ka yi haƙuri. Ya ce in gaya maka na ɗan lokaci ne. Da ba kai ba, da shi za su cire."

"Shi ya ce ki faɗi haka?"

"Ya ce kai ɗan'uwa ne, za ka fahimta. Bare ba zai fahimta ba."

"Ashe gata aka yi mini."

"Yaya, don Allah."

"Ki gaishe shi," in ji matar A-Saurara daga bakin murhu. "Ki ce masa mun gode da ya duba duk garin nan bai ga wanda ya cancanta ba sai na gida."

A teburin mai shayi aka daina matsa masa wuri. Masu wankin mota suka koma rera masa waƙar da shi ya ƙirƙira idan ya zo wucewa. Wani ya rubuta "Agogo" da gawayi a ƙofarsa, ya goge, aka sake rubutawa. Ranar zaɓe ya yi sammako ya bi layi, ya dangwala wa Tsani, ya fito yana nuna yatsa. Mutane suka kalli tawadar suka yi murmushi. Tawada ba ta faɗin inda ta sauka.

Mai Tsani ya ci da ƙyar. Ba a yi wata biyu ba aka gan shi a talabijin rungume da Mai Agogo, suna bubbuga bayan juna. Mai fasfo biyu ya zama ministan harkokin waje, inda ake ganin ƙwarewarsa za ta yi amfani. Wanda ya sayar da rabin ƙasa ya ce duk abin da aka faɗa lokacin kamfe zafin siyasa ne, 'yan'uwa ba sa riƙe juna. Jam'iyyun biyu suka haɗe, aka yi sabuwar tuta mai tsani da agogo rataye a jikinsa. A mazaɓarmu Ciyaman ya koma ofishin da ke gaban asibiti, don ya fi fili, ciyaman ɗin Agogo ya zama mataimakinsa.

A-Saurara ya ga lokaci ya yi. Ya sa rigarsa mai kyau ya tafi can. Ya tarar da su biyun a tebur ɗaya suna shan lemo.

"A'a, Yaya! Shigo, shigo. A kawo wa Yaya kujera mai kyau."

"Ba zama na zo yi ba, Gajere."

Ciyaman ya ɗan yamutsa fuska, ya sake ta. "To, me ke tafe da kai?"

"Motar da ta tsaya a ƙofata, ita nake so ta koma ta tsaya a ƙofata. Ta ce ƙarya aka yi mini. Magana ɗaya ce, ko mai ba za ta ci ba. Ba na son makulli, ba na son komai."

"Haba, Yaya. Ai wannan ya wuce."

"A wurinka."

"To tsaya ka ji. Me aka ce ka yi? An ce kana tare da Agogo. Yanzu wa ba ya tare da Agogo? Ga ni, ga shi." Ya dafa kafaɗar mataimakinsa. "Shugaban ƙasa ma yana tare da Agogo. Abin da ba laifi ba ne, ta yaya za a wanke mutum daga shi? Ai sai mu ɓata wa abokanmu rai. Kai fa riga mu hangen nesa ka yi."

Mataimakin ya miƙe, ya kama hannun A-Saurara da hannu biyu. "Baba, ban samu damar yi maka godiya ba. Lokacin da kowa yake zaginmu, kai kaɗai ka mutunta ƙofarmu. Ba za mu manta ba."

"Ni ban mutunta ku ba. Zaginku na yi. A nan, a ƙofar nan, na zage ku har sai da muryata ta dushe."

"Mun sani, Baba, mun sani," in ji mataimakin, ya kashe masa ido ɗaya. "Mun ga yadda ka yi."

Suka yi dariya su biyu, dariyar mutanen da suka fahimci juna. Ciyaman ya buɗe kwali ya zaro sabuwar riga mai fuskoki biyu ya miƙa masa. A-Saurara ya kalle ta, ya kalli mijin ƙanwarsa, ya ce, "A huta lafiya, ranka ya daɗe." Tun daga nan haka yake gaishe shi, a biki ko a makoki, kuma bai sake taka gidansa ba.

Yanzu a tashar mota yake, yana kiran fasinja. Ba lasifika, ba ya buƙata. Daga bakin ƙofa ana jin sunayen garuruwa suna fita ɗaya bayan ɗaya, tas, ba gargada. Direbobi suna rububinsa, don motar da ya tsaya a kanta ita take fara cika. Sai dai a tasha ba wanda ya san A-Saurara. Labarin ya riga shi isa, kuma 'yan tasha ba sa wasa da suna mai daɗin kira. Baba Agogo suke ce masa.

Da farko ba ya amsawa. Yakan kafe ido a gaba kamar da wani ake. Amma fasinja sukan shigo da kaya a ka suna tambayar ina motar Baba Agogo, wai an ce musu shi ba ya cusa mutum a motar da ba ta da lafiya. Idan ya yi shiru sai su wuce wurin wani, direba ya harare shi, a tashi aiki aljihunsa ba nauyi, ga gida yana jira.

Jiya wata mata mai goyo ta tsaya a tsakiyar tasha tana waige-waige.

"Don Allah wane ne Baba Agogo?"

Ya kalli ƙasa. Sannan ya ɗaga hannu.

"Ga ni nan, 'yata. Kawo jakar."